Sun taɓa shigo muku ɗaki a otal da sunan binciken tsaro?

Mai Jaka Ɗaya:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya na sauka a wani otal na kwana uku. Aiki ya yi mini yawa, sai na rataye allon nan na "kar a dame ni" a jikin ƙofa. Rana ta biyu da la'asar, fitowata daga wanka ke nan da tawul a ƙugu, na ji an ƙwanƙwasa sau biyu. Kafin in buɗe baki na ji ƙyas, kati ya buɗe ƙofa. Allah ya sa na saka sakata, ita ta tare. Wani mutum ya leƙo ta tsagin yana cewa binciken tsaro ne. Ba kaki, ba katin shaida a wuya. Akwai wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan?

Uwar Biyu:
Malam, kai ma da kake namiji ka tsorata, balle mu. Ni ƙarfe goman dare maza biyu suka zo mini, ni kaɗai a ɗaki. Na ce ba zan buɗe ba sai na ji daga teburin karɓar baƙi. Na ɗaga wayar ɗaki hannuna na rawa, yarinyar da ta ɗauka ta ce ita ba ta san da wani bincike ba, bari ta tambaya. Wajen minti biyar ina tsaye a bayan ƙofa da takalmi a hannu, kamar zai yi mini wani amfani. Daga baya ta ce ma'aikatansu ne. To idan su kansu ba su san wa suka turo ba, ni ta yaya zan bambance ma'aikaci da ɓarawo? Duk mugun da ya iya furta "binciken tsaro" ai ya samu mabuɗi.

Tsohon Ma'aikaci:
Hajiya, kin yi daidai da kika kira. Na yi shekaru ina aikin otal, bari in faɗi inda abin ya samo asali. Ranar 1 ga Oktoba 2017 wani mutum ya buɗe wuta daga hawa na 32 na otal ɗin Mandalay Bay a Las Vegas ta Amurka, a kan masu kallon wasan kiɗa. Mutum 58 suka mutu, daga baya adadin ya kai 60. Ya kwashe kwanaki yana shigar da akwatunan bindigogi ɗakinsa. Bayan nan manyan otal suka sake lale. Hilton ya ce idan allon ya yi awa 24 a ƙofa, a sanar da manaja. Disney a watan Disamba na shekarar ya fara cire allon a wasu otal ɗinsa, ya sa wani allo mai cewa akwai mutum a ciki, kuma ma'aikaci zai shiga kullum.

Amma yadda aka koya mana, a fara kiran wayar ɗaki, a ƙwanƙwasa, a faɗi ko wane ne, a jira. Leƙawa ake yi a fita. Buɗe jaka ko aljihun tebur ba ya ciki. Kuma makullin kati yana ajiye tarihin duk katin da ya buɗe shi da lokacin, don haka idan kun yi zargin an shiga ba kwa nan, ku ce manaja ya duba.

Ɗan Tafiya:
Ni dai ba zan zagi binciken ba. Mun je taro da abokin aikina mai ciwon sukari, ya rataye allon ya kwanta. Washegari bai fito ba, na ɗauka gajiya ce. Mai gyaran ɗaki ce ta matsa a buɗe, aka same shi a ƙasa gefen gado bai san inda kansa yake ba. Yau yana nan da ransa.

Uwar Biyu:
Allah ya ƙara masa lafiya, Yaya. Ai ba mu ce kar a duba ba. A faɗa mini tun ranar da nake karɓar kati, a zo da rana, kuma idan mace ce ita kaɗai a haɗo da ma'aikaciya. Wannan ma sai an roƙa?

Mai Jaka Ɗaya:
Da na je yin ƙorafi, manajan ya zaro takardar da na sa wa hannu ranar da na iso. Ga shi nan a can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, cewa suna da ikon shiga kowane ɗaki sau ɗaya a awa 24. Wallahi ban karanta ba. Na tambaye shi sunan wanda ya zo mini, ya ce zai bincika ya kira ni. Yau kwana shida ke nan.