Wai Tom Brady ɗan ƙwallon ƙafa ne?

Sadiƙ: Jama'a, raina a ɓace yake. Jiya a gidan kallo na ce a tarihin ƙwallon ƙafar Amurka babu kamar Tom Brady, aka yi ta yi mini dariya kamar na zo da tatsuniya. Mutumin da sai a lamba ta 199 aka zaɓe shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2000, amma ya ɗauki kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasarsu ta NFL, sau 7. Babu ƙungiyar da ta tara haka, Patriots 6 gare ta, Steelers ma 6. Na ƙarshen yana da shekara 43 ya ɗauka. Mai ja ya fito.

Baban Ummi: Tsaya tukuna. Ƙwallon me ka ce? Abin da ake rungumewa a ƙirji ana gudu kamar an saci kaza?

Sadiƙ: Yaya, haka masu abin suke kiransa.

Baban Ummi: Su kira. Mu da Hausa muke magana. Ƙwallon da ba ta mirgina, mai siffar gwanda, ina ita ina ƙafa?

Malam Habu: Ku ce ƙwallon zari-ruga, a huta.

Ɗan Arsenal: A'a Malam, zari-ruga daban. Can ba a jifa gaba, kuma ba sa saka hular kwano.

Malam Habu: To zari-rugar 'yan acaɓa.

Sadiƙ: Wallahi ana sa ƙafa. Wanda ya fi kowa maki a tarihin NFL, Adam Vinatieri, da ƙafa ya tara 2,673. A wasan ƙarshe na Fabrairun 2002 Patriots, ƙungiyarsa shi da Brady, ana 17 da 17 da Rams, saura daƙiƙoƙi, ya buga daga yadi 48 ta ratsa tsakanin sandunan, aka tashi 20 da 17.

Baban Ummi: Madalla, ka ɗaure kanka da igiyarka. Ashe kofin farko ƙafar wani ce ta ci wa gwanin naka. Shi jifa kawai ya iya.

Sadiƙ: Jifan yadi 89,214 ne "kawai"?

Hajiya Ladi: Yadi kuma? Shadda ake aunawa?

Ɗan Arsenal: Ni abin da ya hana ni son sa, kofi na bakwai a Tampa Bay ya ɗauka, ƙungiyar iyalan Glazer. Su ne fa suka jefa Man U cikin bashi.

Auwal United: Kar ka sako mu. Kroenke naku, mai Arsenal, ba shi ne mai Rams ba? Ya ɗauki Super Bowl a 2022, ku kuma a shekarar ko ta huɗu ba ku zo ba.

Ɗan Arsenal: Kakar 2003/04 ba a doke mu ko sau ɗaya ba a gasar Firimiya. Kawo taku.

Auwal United: Kofi uku a 1999. Lokacin kana goye.

Hajiya Ladi: Ku dai ba ku san naku ba. Osi Umenyiora, ɗan asalin Najeriya, yana cikin Giants da suka doke Bradyn nan a wasan ƙarshe har sau biyu, 2008 da 2012. Christian Okoye kuma haifaffen Inugu ne, shi ya fi kowa gudu da ƙwallo a NFL a 1989.

Baban Ummi: Gudu da ƙwallo. A hannu ko a ƙafa, Hajiya?

Sadiƙ: Har yanzu babu wanda ya taɓa maganar kofi 7 ɗin nan.

Auwal United: Kai ma wasa nawa ka kalla daga farko har ƙarshe?

Sadiƙ: Super Bowl sai bayan sha biyun dare ake farawa, kuma mai gidan kallo kashe janareto yake yi.

Baban Ummi: To, a matsayina na shugaban zaure, ga abin da aka cimma. Kowa ya yarda wannan wasa ba ƙwallon ƙafa ba ne. Sadiƙ da bakinsa ya amsa cewa Vinatieri ne ya ci wa Brady kofi. 'Yan Najeriya sun kayar da shi sau biyu. Maganar Man U kuwa Ɗan Arsenal ne da gaskiya. An rufe.

Sadiƙ: Yaya, yaushe na amsa?