Malamar rawa ta ce in kai ɗiyata gwajin makarantar bale, me kuka gani?

Maman Nafisa: Assalamu alaikum 'yan uwa. A Birmingham muke zaune. Ɗiyata shekararta 10, tun tana ƙarama take zuwa ajin rawar bale ranar Asabar, mu dai motsa jiki muka ɗauke shi. Yanzu malamarta ta ce yarinyar tana da baiwa, mu kai ta gwajin makarantar bale ta Elmhurst a nan garin, inda ake ɗaukar yara daga shekara 11, ko White Lodge, makarantar kwana ta Royal Ballet School a Landan. Babanta ya ce sam, rawa ba sana'a ba ce. Ita kuwa ko wanke-wanke take yi a ɗage take kan yatsun ƙafa. Wanda ya san rayuwar masu wannan sana'a, don Allah ya faɗa min gaskiya.

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Aikin gashin ƙashi nake yi, kuma masu rawa suna zuwa hannuna, to bari in fara da jiki. Ƙwararriya kullum da safe sai ta yi atisaye na wajen awa ɗaya da rabi, ta wuni tana maimaita rawar da za a nuna, da dare ta hau dandamali, sau da yawa kwana shida a mako. In ta cire takalmin nan na tsayuwa kan yatsu sai ki tausaya mata: farce ya yi baƙi, yatsu duk kanta, wani lokaci ƙashin ƙafa ya tsage ba tare da ta faɗi ba, tsabar maimaici kawai. Abin da ya fi damuna shi ne abinci. Yarinya ta riƙa rage ci don kada ta yi ƙiba, al'ada ta ɗauke, ƙashi ya yi rauni. Ki sa ido sosai a nan. Sannan sana'ar gajera ce. Yawanci suna ajiyewa a shekaru talatin da wani abu, a ƙungiyar bale ta Paris Opera a Faransa ma doka ce a yi ritaya a 42. Don haka boko kada ya yi sanyi ko kaɗan.

Malam Sani: Hajiya, maigidanki yana da hujja. Ki dubi tufafin da ake sawa, kuma in ta girma namiji ne zai riƙa kama ƙugunta yana ɗaga ta a gaban jama'a. Ku zauna da malamin da kuka yarda da shi tun yanzu, kafin a shaƙu.

Ummi K.: Malam, akwai Stephanie Kurlow a Ostareliya da ke rawar da hijabinta. Amma gaskiya manyan ƙungiyoyi su ke zaɓa wa mai rawa kayan da za ta sa, wannan ba a ɓoye yake ba.

Yaya Hadiza: Maman Nafisa, kada ki bari a tsorata ki da cewa in ba yanzu ba shi ke nan. Misty Copeland sai da ta kai 13 ta fara, a 2015 kuma ta zama baƙar mace ta farko da ta kai matakin ƙoli a ƙungiyar bale ta American Ballet Theatre, ko da yake irinta ba su da yawa. Anthony Madu, yaron Legas ɗin nan da bidiyonsa na rawa cikin ruwan sama ya karaɗe duniya a 2020, Elmhurst ɗin ya zo. Maganar kuɗi, akwai tallafin gwamnati, Music and Dance Scheme, gwargwadon samun iyaye ake bayarwa. Sai dai shiga a 11 ba ya nufin aiki na jiranta, da yawa suna gamawa ba su samu gurbi ba. Ni da ni ce, kwana a Landan ban yarda ba a wannan shekarun. Elmhurst na karɓar 'yan jeka-ka-dawo, Royal Ballet School kuma tana da azuzuwan ƙarshen mako da ake kira Associates, yarinya na gida tana makarantarta.

Maman Nafisa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na jeka-ka-dawon nan ya kwanta min. Anti Bilki, malamar ta fara zancen takalmin yatsun, in saya?

Anti Bilki: Dakata tukuna. Yawanci sai 11 ko 12, bayan an duba ƙarfin idon sawunta. In lokacin ya yi ki kai ta shago a gwada mata a ƙafa, kada ki saya ta intanet.