Waya kaɗai ta isa ga maharbi a dajin da babu sabis?

Sabon_Maharbi:

Assalamu alaikum manya. Ina neman shawara daga waɗanda suka san daji. Za mu shiga farauta ta kwana uku a wurin da babu sabis ɗin waya, kuma daga inda za a ajiye mota zuwa sansani tafiyar wuni ce a ƙafa. Wayata tana da GPS, na kuma sauke taswirar yankin a cikinta. Shin wannan ya wadatar, ko sai na haɗa da kamfas? In kuma wani ya ji rauni ko ya rabu da abokan tafiya, me ya kamata a ce yana jikinsa? Don Allah a faɗi abin da ke aiki da gaske, kada a cika mini jaka da kayan da ba zan iya ɗauka ba.

Mai_Taswira:

Wa alaikumus salam ƙanena. GPS ɗin waya ba ya buƙatar sabis. Saƙo yake karɓa kai tsaye daga taurarin ɗan adam da ke sama da mu da kusan kilomita 20,200, kuma in ya ga huɗu daga cikinsu zai faɗa maka inda kake. A fili kuskurensa bai cika wuce mita 5 ba. A ƙarƙashin duhuwar bishiyoyi ko cikin kwazazzabo kuskuren yana ƙaruwa, domin saƙon yana bugun dutse ya karkato kafin ya iso. Yawancin wayoyin yanzu suna haɗa GPS na Amurka da GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin, to wannan ya rage matsalar sosai.

Raunin waya yana wajen batir da ruwa da faɗuwa. Wayar da ke neman sabis a inda babu shi tana shan batir da sauri, saboda haka ka sa ta a yanayin jirgin sama tun daga mota, ka rage hasken fuskarta. Ka gwada taswirar da ka sauke tun kana gida, da intanet a kashe, ka matso da ita sosai ka ga ko ƙananan rafuka da layukan tudu sun fito. Mutane da yawa sai sun shiga daji suke gane cewa hoton nesa kawai suka sauke. Fawa bank mai 10,000 mAh zai cika waya kamar sau biyu, ba uku ko huɗu da lissafin takarda ke nunawa ba, domin wani kaso yana salwanta wajen cajin. Sanyi ma yana kwantar da batir, don haka da dare ka sa wayar a aljihun ciki, kusa da jiki.

Kafin ka bar mota ka ajiye alamarta a wayar. Haka sansani, haka wurin ruwa, haka duk mararrabar da ka wuce.

Kamfas kuwa dole ne. Da tsohuwar zuma ake magani: ba ya cin batir, nauyinsa bai kai na wuƙa ba. Ka nemi mai faranti na roba da ake gani ta cikinsa, mai zoben digiri 360. Amma yana da sharuɗɗa biyu.

Na farko, ƙarfe yana ruɗa allurarsa, kuma maharbi duk jikinsa ƙarfe ne. Ka jingine bindiga, ka matsa taku biyu ko uku, ka nisanta shi da wuƙa da waya da tocila kafin ka karanta. Wanda ya karanta kamfas bindiga na rataye a ƙirjinsa, bakin bindigar ya karanta.

Na biyu, arewar da allura ke nunawa ba daidai take da arewar taswira ba. Akwai gibi tsakaninsu, yana bambanta daga wuri zuwa wuri, yana kuma sauyawa da shekaru. A wani yankin bai kai digiri ɗaya ba, a wani ya haura 15. Digiri ɗaya na kuskure yana karkatar da kai kamar mita 17 a kowace kilomita. In gibin digiri 10 ne ka yi biris da shi, bayan kilomita 3 ka kauce fiye da mita 500, kuma a cikin kurmi wannan ya isa ka wuce sansani ba ka ji ko ƙanshin hayaƙinsa ba. Idan ka auna hanya a taswira za ka bi ta da kamfas, in allura ta karkata gabas da arewar taswira ana cire gibin, in ta karkata yamma ana ƙara shi. Ka nemi adadin na bana, kada ka dogara da wanda aka buga a gefen tsohuwar taswira.

Taswirar takarda mai ma'aunin 1:50,000 ta yi: santimita 2 a kanta kilomita 1 ce a ƙasa. Ka naɗe ta a leda.

Tsohon_Daji:

Malam Mai_Taswira ya yi bayani mai kyau, sai dai ni a ganina an fara daga tsakiya. A tambayi lokacin da maharbi ke ɓata tukuna. Ba a kan hanyar zuwa sansani yake ɓata ba, lokacin hankalinsa a kwance yake. Yana ɓata ne bayan ya yi harbi, dabba ta ji rauni ta ruga, shi kuma ya ajiye jaka ya ce yanzu zai dawo, ya sunkuyar da kai yana bin jini. Dabbar da ta ji ciwo ba ta miƙe hanya, kurmi take nema. Sai ya ɗago kai bayan rabin awa, rana ta yi ƙasa, kowace bishiya ta zama 'yar'uwar ɗaya, ruwa da tocila da ashana kuwa suna can cikin jakar da ya bari.

Don haka yaro, ka raba kayanka gida biyu. Abin da ke tsare rai yana jikinka, a aljihu ko a ɗamara: kamfas a wuya, usur, laita, ƙaramar tocila ta goshi, wuƙa, bargon leda mai sheƙi, da maɗaurin tsayar da jini. Saura su zauna a jaka. Kuma da zarar ka yi harbi, kafin ka ɗaga ƙafa, ka ajiye alamar wurin a waya, ka ɗaura ƙyalle mai haske a reshe, ka duba kamfas ka ga ina dabbar ta nufa. In ta nufi digiri 40, komawarka 220 ce: ka ƙara 180 in adadin bai kai 180 ba, ka cire in ya wuce.

Abin da ya fi wannan sauƙi shi ne ka riƙe doguwar alama guda tun daga gida, wadda ba za a iya wuce ta ba a sani ba, kamar titi ko kogi ko layin wutar lantarki. Ka ce wa kanka, duk inda nake a wannan dajin, in na miƙe kudu zan faɗa titi. Ka rubuta shi a bayan taswira. Ranar da kai ya ɗaure, wannan jimla ɗaya ta fi lissafi goma.

In za ka koma mota a bakin titi, kada ka saita kamfas a kan motar daidai. In ka fito titi ba ka gan ta ba, ba ka san ko hagu za ka yi ko dama ba. Ka karkata da gangan, digiri 10 zuwa hagu misali, sai ka fito titi kana da tabbacin motar na damanka.

Kada kuma wani ya ce shi ƙafarsa ta san hanya. An gwada wannan, aka wallafa sakamakon a 2009: masu bincike daga cibiyar Max Planck ta Jamus sun saki mutane a daji suna bin tafiyarsu da GPS, waɗanda suka yi tafiya rana a rufe da gajimare suka riƙa zagaye suna dawowa kan sawunsu, alhali suna ganin miƙewa suke yi.

Sabon_Maharbi:

Na gode Baba. To in abin ya riga ya faru, waya ta mutu, dare ya yi, mutum ya ci gaba da neman hanya ko ya zauna?

Tsohon_Daji:

Ya zauna. Tafiyar dare a dajin da ba ka gane ba ita ke mai da ɓata ta zama karaya. Ka nemi wurin da iska ba ta bugawa, nesa da gindin kwari inda sanyi da ruwa ke taruwa, ka tara ganye ko ciyawa kauri kamar taƙi guda ka zauna a kai, domin ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin jiki. Ka hura wuta tun da sauran haske. Busa uku na usur, a dakata, a sake, alama ce da masu nema suka sani. Usur ya fi ihu nisa kuma ba ya dusashe murya. Harbi uku ma alama ce, amma harsashi ƙarewa yake, kuma a lokacin farauta wanda ya ji zai ɗauka nama ka samu.

Da safe in babu kamfas, ka kafa sanda a fili, ka sa dutse a ƙarshen inuwarta, ka jira minti 20 ka sa na biyu. Na farko yana yamma, na biyu yana gabas. Kimantawa ce kawai, amma ta isa ta kai ka ga doguwar alamarka.

Jami'ar_Ceto:

Sannunku da ƙoƙari. Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ne masu nema suka fi buƙata. Ɗan'uwa, kafin ku tashi ku bar takarda a hannun mutum ɗaya mai hankali: inda za ku ajiye mota da lambarta, inda za ku kwana kowane dare, ku nawa ne, wa ke da ciwon da ke buƙatar magani, da ranar da sa'ar da in ba ku kira ba zai kai rahoto. Sa'a takamaimai, kamar ƙarfe 8 na daren Lahadi. In aka ce "in mun daɗe", mutanen gida sai su yi ta ba ku uzuri har kwana guda ya salwanta.

Game da kiran taimako inda babu sabis, na'urori iri biyu ne. Akwai PLB, wadda ke aika kiran ceto a zangon 406 MHz ta tsarin taurarin ɗan adam na Cospas-Sarsat, wanda ke aiki tun 1982. Ba a biyan kuɗin wata, batirinta yana zama shekaru a ajiye, in an kunna ta tana kira aƙalla awa 24. Sai dai ba ta karɓar amsa a rubuce, kuma wajibi ne a yi mata rajista da sunan mai ita. Akwai kuma masu aika saƙo ta tauraron ɗan adam, irin Garmin inReach da ke bin hanyar Iridium. Su ana biyan kuɗin wata, amma za ka iya rubuta abin da ya faru a ba ka amsa, kuma wannan yana da daraja, domin shirin ɗauko mai karaya daban yake da na wanda jini ke zuba. Kowacce ka ɗauka, tana son sarari a samanta, eriya a miƙe. In ka kunna kiran ceto ka bar shi a kunne, ka zauna a wurin. Ka kuma bincika dokar ƙasar da za ka shiga, domin wasu ƙasashe, irin Indiya, suna kama mutum kan shiga da na'urar tauraron ɗan adam ba izini. Kuma na'ura kira kawai take yi. Saurin zuwan masu ceto ya danganta da ƙasar da nisan wurin, don haka ka yi shirin riƙe kanka kwana guda aƙalla.

In za ka faɗi lambobin wurin da kake, ka faɗi tsarin da aka rubuta su. Digiri 11.30 daban yake da digiri 11 da minti 30, tsakaninsu akwai kusan kilomita 22.

Sai rauni. Abin da ke kashe maharbi da gaggawa jini ne, daga harsashi ko daga wuƙar fiɗa da ta zame ta shiga cinya. Babbar jijiya in ta yanke, mintuna kaɗan ne. A hannu ko ƙafa, ka ɗaura maɗaurin santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, ka murɗa sandarsa har jinin ya tsaya cak, ka rubuta lokacin. Zai yi zafi ƙwarai, kada ka sassauta. Ka sayi na gaske mai faɗi, ka koyi ɗaura shi da hannu ɗaya, domin igiya ko siririn bel yanka nama suke yi ba su tsayar da jinin ba. A matsematsi ko hammata, inda maɗauri ba ya zama, ka cusa bandeji cikin raunin har ya cika, ka danna da nauyin jikinka ba ɗagawa.

Sarar maciji kuwa akasin haka ce: ba a ɗaure ta da maɗaurin jini, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A cire zobe da agogo, a sa wa gaɓar karan ɗori don kada ta motsa, a ɗauki mutumin zuwa asibitin da ke da allurar maganin dafi.

Mai_Taswira:

Malama ta cike gurbi. Ƙari ɗaya kan ruwa, tunda kwana uku ba a ɗaukar ruwansu a baya. A zafi, mai tafiya da kaya zai iya shan rabin lita zuwa lita guda a awa. Ka sa wuraren ruwa a taswira tun daga gida, ka kuma tuna rafin da aka zana zai iya kasancewa a bushe. Tafasawa minti ɗaya ta isa, minti uku in tudun ya haura mita 2,000. Ƙwayoyin tsarkake ruwa suna son a jira aƙalla minti 30, kuma ruwa mai laka sai an tace shi da ƙyalle tukuna, in ba haka ba maganin yana ƙarewa a kan dattin. Ka jefa ƙunshin gishiri da sukari biyu ko uku a aljihu saboda gudawa ko yawan zufa.

Ƙanena, kafin ranar tafiya ka fita fili ka auna mita 100, ka ƙirga sau nawa ƙafarka ta dama ke taka ƙasa. Yawancin mutane suna samun 60 zuwa 70. Ka sake ƙirgawa da jaka a baya, sannan a kan hawa, ka rubuta adadin uku a bayan taswira kusa da doguwar alamar da Baba ya ce ka riƙe.