A bi kwantena kafin a bi aljihu

Shawarar da ta fi fitowa a tattaunawarmu kan yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi ita ce 'yan sanda su rage farautar masu ƙullin wiwi a lungu, su mayar da hankali kan tashar jiragen ruwa, inda kayan ke shigowa da yawa. A Antwerp ta Beljiyam kaɗai an kama hodar ibilis tan 116 a 2023, galibi a ɓoye cikin kwantenoni, har da na ayaba daga Kudancin Amurka. Kwantena kaɗan ake iya buɗewa cikin dubbai, don haka aka ce kwastan da 'yan sanda su riƙa musayar bayanan sirri.

Wani ya nace a sa ido kan ma'aikatan tashar da direbobi, domin da ɗan gari akan ci gari. Na yarda da shi ƙwarai. Ma'aikacin da bashi ya yi wa katutu shi ake fara saya, ya kamata ya samu hanyar kai rahoto a asirce.

An kuma ce a bar kaya su isa hannun mai su kafin a kama, kamar yadda yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 kan fataucin miyagun ƙwayoyi ta tanada. Masu shaye-shaye kuwa a kai su asibiti.