"Tsugune ba ta ƙare ba": ta dace da littafi na biyu kuwa?

'Yar Laburare: Salamu alaikum. Musu ne ya kaure tsakanina da wata ƙawata a kan Catching Fire, littafi na biyu a jerin The Hunger Games na Suzanne Collins, wanda ya fito a 2009, shekara guda bayan na farko. Tana gama shi ta ce, "Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri." Nufinta marubuciyar ba ta zo da sabon abu ba: a na farko an jefa jarumar labarin, Katniss, fagen gasar kisa da hukuma ke shiryawa, a na biyu an sake jefa ta. Ni kuwa na biyun ya fi kama ni nesa ba kusa ba. Shin karin maganar ta zauna daidai a inda ta ajiye ta? Wanda bai karanta ba ya yi haƙuri, za a fasa ƙwai.

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam, 'yata. Mu fara da ita maganar. Zaman kare tsugune ne, zaman biri ma tsugune ne. Mutum ya gaji da ganin abu tsugune a gabansa, ya rabu da kare, ya kawo biri, yana murna ya yi canji, da ya waiga sai ga abin da ya guda zaune yana kallonsa. Kashin bayan maganar shi ne akwai wanda ya yi musayar da hannunsa, yana tsammanin sauƙi. Idan babu mai saye da sayarwa, karin maganar ta rasa ƙafa ɗaya. To a labarin naku, wa ya sayar da karen?

Sarkin Musu: Marubuciyar mana, Malam! Ita da kamfanin buga littafin. Ƙawar taki ta yi daidai. Ku dubi yadda aka yi ta yayin littattafan nan na matasa a lalatacciyar duniya ta nan gaba: kusan kowa uku-uku yake jerowa. The Maze Runner 2009, 2010, 2011. Divergent 2011, 2012, 2013. Na farko ya samu kasuwa, sai a sake masa riga a kira shi na biyu. A The Maze Runner, yara sun fito daga tarkon littafi na farko, a na biyu an kai su hamada an ce ga wata jarrabawar. Har masu kallo suka gaji: fim na uku na Divergent da ya fito a 2016 bai yi kasuwa ba, na ƙarshen da aka tsara ba a ma yi shi ba.

Ɗalibar Adabi: Yaya Sarkin Musu, ka haɗa kowa ka yi musu kuɗin goro. Bari mu tsaya a kan littafin da aka tambaya. Babi 27 ne, kashi uku, kuma Katniss ba ta taka fagen ba sai a ƙarshen kashi na biyu. Wato kusan biyu bisa ukun littafin a wajen fage yake. Me ke ciki? An zagaya da ita gundumomi a matsayin gwarzuwa, tana karanta jawabin da ake so ta karanta. A Gunduma ta 11 ta kauce wa rubutun ta yi wa iyalan yaran da suka mutu godiya daga zuciyarta, wani dattijo ya yi fito, jama'a suka ɗaga yatsu uku, nan take aka ja shi aka harbe a gaban mutane. A littafi na farko abin da take tsoro shi ne kada a kashe ta. A na biyu kalma ɗaya daga bakinta kan jawo a kashe wani. Wannan ba biri ba ne a mazaunin kare.

Sannan komawa fagen ma ba irin ta farko ba ce. A gasa ta 74, wato ta littafi na farko, yara 24 ne 'yan shekara 12 zuwa 18. A ta 75 sai aka ce daga cikin waɗanda suka taɓa cin gasar za a zaɓo, mutanen da aka yi wa alkawarin sun tsira har abada, har da tsohuwa mai kimanin shekara 80. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar ƙuri'a. Katniss ce kaɗai mace mai rai da ta taɓa ci daga Gunduma ta 12, saboda haka takarda ɗaya tal ce a cikin ƙwaryar gilashin 'yan mata. Amma duk da haka sai da mai zaɓen ta zura hannu tana lalube, aka buɗe takardar, aka karanta sunan kamar ba a sani ba. Mulkin da ya karya alkawarinsa amma ya ƙi fasa bikin, shi ake nuna mana.

Tsohon Malami: Madalla. To kun ga ita yarinyar ba ta sayar da komai ba, kamo ta aka yi aka mayar. Abin da ya dace da halinta shi ne "an gudu ba a tsira ba". Idan kuma kana son ka nuna cewa na biyun ya fi na farko muni, sai ka ce an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin zago ya fi gara girma da cizo. Matasa kan cakuɗa ukun nan kamar abu ɗaya ne. Ta kare da biri ba ta ce abin ya ƙaru ba, cewa ta yi bai sake zani ba, kuma akwai ɗan shaguɓe a cikinta ga wanda ya yi cinikin.

Uwar Biyu: Ni ba ma'abociyar irin waɗannan littattafan ba ce, 'ya'yana ne suka sa na leƙa. Abin da na lura, yaro ɗan shekara 16 ko 17 ya san wannan yanayin a jikinsa. An ce masa ya daure ya ci jarrabawar nan, daga ita sai hutu. Ya ci, sai ya tarar da wata ƙofar a kulle, manya kuma sun canza sharaɗi ba tare da sun tambaye shi ba. Littafi na farko yana gaya masa zai iya cin nasara. Na biyun ne ke gaya masa abin da ke biyo bayan nasarar, wanda ba kasafai manya ke faɗa ba. Shi ya sa suke rungumarsa.

Sarkin Musu: Hajiya, da girmanki, amma kin ba su uzuri da yawa. Abin da ke sa su rungume shi ai ƙugiya ce. A shafin ƙarshe an ce wa yarinya garinku babu shi, an rufe littafi. Wane ne ba zai nemi na uku ba? Wannan dabarar ciniki ce.

'Yar Laburare: Ƙugiya kam akwai ta, Yaya. Sai dai ƙugiya tana sa ka sayi na gaba ne, ba ta sa ka koma ka sake karanta wanda ka gama. Ni na biyun nake komawa.

Ɗalibar Adabi: Malam, idan sharaɗin shi ne a samu mai musaya da hannunsa, ashe gidan karin maganar na littafi na uku ne, Mockingjay na 2010. Gundumomi sun yi tawaye, sun zubar da jini don su kawar da Shugaba Snow, suka jeru a bayan Shugaba Coin ta Gunduma ta 13. Ana gama yaƙi sai ga ta da shawarar a sake gasar kisan, wannan karon da 'ya'yan manyan babban birni. An sayar da kare, biri ya zo ya tsuguna a daidai wurin. Katniss ta gane haka, shi ya sa kibiyar da aka ba ta don Snow ta ƙare a jikin Coin.

Tsohon Malami: Nan kam ta zauna daram. Da ma a kan sauyin shugabanni aka fi jin ta a bakin mutane.

Sarkin Musu: Na ji, a cikin labari ta fi dacewa da na uku. Amma ni a kan marubuciyar nake magana, kuma ban janye ba. A 2020 ta koma baya ta ba da labarin gasa ta 10. A 2025 ta sake komawa, gasa ta 50, yara 48. Fage dai, fage dai.

Ɗalibar Adabi: Wannan misalin naka ni ya taimaka. Wanda ya ci gasa ta 50 Haymitch ne, mai horar da Katniss, kuma tun a Catching Fire aka nuna yadda ya ci. Duk wanda ya ɗauki littafin 2025 ya san wa zai fita da rai tun kafin ya buɗe shafin farko. Da "wa zai tsira" ne ke jan mutane, da babu mai ɓata lokacinsa. Abin da suka je nema shi ne me hukuma ta yanke daga hoton da ta nuna wa jama'a, da kuma yadda saurayi mai kaifin kai ya zama mashayin da muka tarar a littafi na farko.

Sarkin Musu: Wancan ban kai gare shi ba tukuna. Idan na karanta na tarar biri ne, zan dawo nan in faɗa, kuma da sunanki zan fara.

Uwar Biyu: Malam, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Da a ce mutum yana gaban yarinyar nan a lokacin da aka gaya mata an ƙone garinsu, zai iya ce mata tsugune ba ta ƙare ba?

Tsohon Malami: A'a, Hajiya. Maganar ɗan kallo ce, ko ta wanda ke yi wa kansa dariya bayan ya tafka cinikin banza. Wanda aka yi wa rashi ba a jifansa da ita, ko da ta yi daidai da halin da yake ciki. A wurin sai dai a ce Allah ya ba da haƙuri.