Wai Eatbrain Podcast ɗin nan ta ina ake kama shi ne?

Dan_Debrecen:
Salam jama'a. Ina karatu a Hangari, abokin ɗakina ɗan ƙasar ne, kullum in ya zauna yin asamen sai ya kunna wani abu a SoundCloud wai Eatbrain Podcast. Ni da na ji podcast na ɗauka hira za a yi, ashe kiɗa ne zalla, awa guda cur ba tsayawa, gudu kamar an biyo mutum, ga wata ƙara kamar injin markaɗe ya haɗiyi dutse. Farko kaina ya yi ciwo wallahi, amma sati biyu kenan ina kama kaina ina gyaɗa kai. Don Allah wanda ya san harkar ya fahimtar da ni, meye sunan kiɗan, kuma me ya sa ban taɓa gane inda wata waƙa ta ƙare wata ta fara ba?

Sadiq_Bes:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Drum and bass sunansa, reshen da ka faɗa ciki kuwa shi ake kira neurofunk, kusan shi ne mafi nauyi a gidan. Asalin kiɗan daga Ingila ne farkon shekarun 1990, ya fito daga jungle, kuma akwai hannun 'yan Jamaika mazauna Landan sosai a ciki saboda al'adarsu ta jibga manyan sifiku. Eatbrain kamfanin waƙa ne na nan Hangari inda kake, wani makaɗi da ake kira Jade ne ya kafa shi, shi ya sa abokinka yake ji da shi. Shirin kuma kowane fitowa DJ ɗaya suke ba fili ya haɗa nasa, talla ce ga waƙoƙin kamfanin da kuma shi kansa DJ ɗin, wani lokaci har waƙar da ba ta fito kasuwa ba za ka fara ji a ciki.

Gudun da ya firgita ka bugu 174 ne a minti ɗaya yawanci. Kar ka ce za ka bi kowane bugu, za ka gaji. Raba shi biyu, 87 kenan, ka gyaɗa kai a wannan, za ka ji komai ya zauna. Ina zargin ma abin da kanka ya fara yi kenan da kansa.

DJ_Kurna:
Yallaɓai Sadiq ya gama magana kan tarihi, bari in taɓa tambayarka ta biyu tunda sana'ata ce, ina kiɗan biki. Rashin gane gaɓar waƙa ai shi ne gwanintar. Tunda waƙoƙin kusan duk gudu ɗaya suke, DJ yana shigo da ta biyu a ƙarƙashin ta farko, ya rage mata bes, wato sautin nan mai kauri na ƙasa, har sai lokaci ya yi sannan ya musanya, kai kana can kana jira a tsaya alhali an yi nisa a wata. Akwai kuma abin da suke kira double drop, wato ya lissafa waƙa biyu su fashe a daƙiƙa ɗaya, Andy C na Ram Records da shi ya yi suna. Na gwada a gida da kwantirolata, na'urar da muke haɗa kiɗa da ita, dare uku ina fama, in ka kuskure da bugu ɗaya tak ganguna sai su hau kan juna kamar dawakai sun ruɗe a hawan sallah. Ranar da ta zauna min daidai sai da tsigar jikina ta tashi.

Amma roƙona ɗaya, kar ka saurara da sifikar waya. Rabin kiɗan yana can ƙasa inda waya ba ta iya fitarwa, abin da zai rage maka ƙarar ƙarfe ce kawai, ita ce mai sa ciwon kai. Nemi hedifon mai rufe kunne, kuma kar ka ƙure murya, kunne ba shi da sifiya.

Maman_Iman:
Ni dai ƙanina gaskiya na gwada na kasa, ƙanen mijina ya taɓa sa min, minti biyar na ce ya kashe. Kiɗan kamfanin Hospital Records ya fi kwanta min, suna da nasu shirin su ma, akwai fiyano da muryoyi masu taushi, ina iya wanke-wanke da shi.

Sadiq_Bes:
Hajiya wannan reshen da ake kira liquid kenan, gida ɗaya ne ɗaki daban. Dan_Debrecen in Eatbrain ya zauna maka ka leƙa Blackout Podcast na Black Sun Empire, 'yan Utrecht ne a Holan, sannan ka nemo tsofaffin Noisia Radio, shirin makaɗan Noisia. In kuma tushen kake so, faifan Wormhole na Ed Rush da Optical, 1998.

Dan_Debrecen:
Na gode ƙwarai yayyena. Yanzu na ari hedifon ɗin abokin nawa na maimaita wanda muka ji jiya, wallahi kamar ba shi ba, bes ɗin har a haƙorina nake ji. Oga Kurna a wajen minti na 20 ina ga na kama double drop ɗin nan, murya ɗaya ta tsohuwar waƙar tana nan sabuwa ta faɗo a kanta, ko shi ne?