Kwantirolar adaidaita sahu mai lantarki: in rage mita ko in ƙara rizista?

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum. Ina haɗa kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa wa moto, ga moton adaidaita sahu mai batirin volt 60, da MOSFET (makunnan lantarki masu saurin kunnawa da kashewa) samfurin IRFB4110 guda shida. Idan na sa mitar kunnawa da kashewa a kilohaz 8, wato sau dubu takwas a daƙiƙa, moton yana kuka har fasinja su yi ƙorafi. Idan na kai ta 16, kukan yakan lafa amma MOSFET su ɗau zafi, siginar na'urorin Hall masu gano juyawar moto kuma ta riƙa rikicewa. Rizistar ƙofa, wadda ke daidaita saurin kunnawar MOSFET, om 10 ce. In ƙara ta zuwa 22 ne, ko in koma kilohaz 8?

Mai Walda: Wa alaikumus salam. Ka sa babban farantin alminiyam da fanka, zafin zai tafi.

Malamin Fasaha: Fanka ba ta magance rikicewar sigina. Asarar kunnawa, wato wutar da ke zama zafi a kowace kunnawa da kashewa, tana ninkuwa idan mita ta ninku, kuma ƙara rizista yana rage hayaniyar lantarki ne ta hanyar jinkirta kunnawar, wanda shi ma zafi ne. Ka fara matso da kafasitoci dab da MOSFET, ka murɗe wayoyin Hall tare, ka raba su da wayoyin moto uku.

Baba Mai Gyara: Ɗana, ka ji abin da ya same ni. Na rage rizista zuwa om 4.7 a kwantirolar wani keke don in kashe zafi, kuma a shago komai ya yi sanyi. Kwana uku bayan haka keken ya ɗauko buhunan masara, yana hawan gada sai duka MOSFET shidan suka ƙone, har allon kwantirolar ya yi baƙi. Mai keken bashi ya ci ya saya, ya zo da ɗan'uwansa suka tsaya a ƙofar shagona, ni na biya daga aljihuna. Da na fasa ɗaya, abin da ke ciki bai kai rabin na asali ba. Dubu ɗaya da ɗari biyar na sayi kowanne.

Hajiyar Sola: Baba, ni ɗari takwas nake saye, kuma ba su taɓa ƙone mini ba.

Malamin Fasaha: Wataƙila ba jabu kaɗai ba ne, Baba. Iyakar IRFB4110 volt 100 ce, kuma kunnawa da sauri tana sa wuta ta yi tsalle ta haura hakan. Ka duba da osiloskof, na'urar da ke nuna hoton hawa da saukar wuta?

Baba Mai Gyara: Shekara ashirin ina wannan aiki da mitar gwajin wuta da ɗan yatsa, Malam. Allon aji daban, titi daban.

Direba: Ku bar masa kukansa, ya huta da sayen oda.

Hajiyar Sola: Malam, yaya mutum zai gane na asali kafin ya biya? Mai shagon da nake saye ya daina karɓar kayan da aka riga aka yi wa dalma.